Yadda ake shirya ɗalibin sakandare na ƙasar Sin don jarrabawar Turanci ta gaokao

Wannan bayani na sabon malami ne da aka damƙa wa ɗaliban ajin ƙarshe na babbar sakandare a ƙasar Sin, ko wanda yake taimaka wa yaro ɗaya a gida, kuma yake son sanin ta inda zai fara. Gaokao ita ce jarrabawar shiga jami'a a ƙasar, ana fara ta ranar 7 ga watan Yuni, kuma a shekarar 2024 mutum miliyan 13.42 ne suka yi rajistar zama. A yawancin larduna jimillar maki 750 ce, Turanci kuma yana ɗauke da 150, daidai da lissafi da Sinanci. Ana rubuta shi ranar 8 ga Yuni daga ƙarfe 3 zuwa 5 na yamma. Bayan fitar sakamako kowane lardi yakan wallafa jadawalin da ke nuna yawan ɗaliban da suka tsaya a kan kowane maki, kuma a lardi mai cunkoson jama'a kamar Henan za ka tarar maki guda ɗaya tak ya tara ɗaruruwan ɗalibai, wani lokaci fiye da dubu. Dalilin da ya sa iyaye suke tambayar malami a kan rabin maki ke nan.

Ɗalibin Sin ba malalaci ba ne, yana cika takardun gwaji har dare ya raba. Matsalarsa ita ce yakan duba amsa, ya rubuta makinsa, ya wuce takarda ta gaba da kuskuren jiya a kansa. Saboda haka aikin malami shi ne ya gano daidai inda maki yake zubewa, ya toshe wurin, sannan ya koma kan na gaba.

Akwai gargaɗi ga 'yan'uwa da ke karatu a jami'o'in Sin, waɗanda maƙwabta kan roƙa su koyar da 'ya'yansu. Bizar ɗalibi ba ta ba da damar koyarwa don kuɗi ba, baƙon da zai yi aikin koyarwa sai da bizar aiki da takardar izini. Haka kuma tun watan Yulin 2021 gwamnati ta tsaurara doka a kan darussan bayan makaranta na kuɗi. Ka tabbatar da matsayinka kafin ka karɓi ko kwabo.

Kayan aiki

Abu na farko shi ne ainihin takardun jarrabawar shekarun baya, waɗanda ɗalibai ke kira zhenti. Ka nemi na shekaru biyar da suka wuce, tare da amsoshinsu da sautin sashen sauraro da rubutaccen abin da aka faɗa a cikinsa. Kantunan littattafai cike suke da kundayen gwaji na kwaikwayo, wasu masu kyau, wasu kuma tambayoyinsu ba su da amsa ɗaya tsayayya, don haka ka riƙe su a matsayin ƙari kawai. Idan takardun lardinku sun ƙare, ka ɗauki na wani lardi mai tsari iri ɗaya kafin ka koma ga na kwaikwayo.

Na biyu shi ne takardar amsa irin ta ɗakin jarrabawa, mai akwatunan da ake cikewa da fensir da layukan rubutu masu iyaka. Ka buga kwafi da yawa. Idan babu injin bugawa, ka sa ɗalibi ya ja akwati a takarda mai layi daidai da girman na ainihi. Tare da ita ana bukatar fensir 2B, da magogi mai kyau, da baƙin biro mai bakin 0.5, domin na'ura ce take ɗaukar hoton takardar, masu ba da maki kuma a fuskar kwamfuta suke karantawa.

Na uku agogon bango, ba na waya ba, domin a wurare da yawa ba a barin ɗalibi ya shiga da agogon hannu. Na huɗu littafin rubutu mai kauri wanda zai zama littafin kurakurai, cuotiben a bakin ɗalibai. Na ƙarshe jerin kalmomin jarrabawa. Manhajar babbar sakandare ta 2017 da aka yi wa gyara a 2020 ta lissafa kalmomi 3000, amma jerin 3500 da aka saba da shi tun da can shi ne ya fi yawo a hannun ɗalibai, kuma ko wanne ka samu ya wadatar.

Mataki na 1: Ka san takardar da ɗalibinka zai zauna

Ba takarda ɗaya ake yi a duk ƙasar ba. Beijing da Shanghai da Tianjin su suke tsara tasu. Zhejiang da Shanghai suna ba ɗalibi damar zama sau biyu a shekara, a Janairu da Yuni, a ɗauki mafi girman makin. A Beijing da Guangdong ana yin sauraro da magana daban a gaban kwamfuta. Sauran larduna galibi suna amfani da takardar ƙasa ta sabon tsari, kuma a kanta wannan bayani ya dogara.

Ga yadda aka raba makinta. Sauraro tambaya 20 ne, maki 30. Karatu maki 50, wato rubuce-rubuce huɗu masu tambaya 15, kowace tambaya maki 2.5, sai rubutu na biyar da aka cire masa jimloli biyar aka ba da bakwai a zaɓa. Cike gurbi mai zaɓi tambaya 15 ne, maki 15, cike gurbin nahawu kuma gurbi 10, maki 15. Rubutu maki 40, gajeriyar wasiƙa ko sanarwa mai kalmomi kusan 80 tana da 15, ƙarasa labari da kalmomi kusan 150 yana da 25.

Kuskuren da sababbin malamai suka fi yi a nan shi ne su ɗauko tsohon kundi su ɓata makonni a kan sashen gyaran kurakurai a gajeren rubutu, wanda yake cikin tsohuwar takarda amma babu shi a sabuwa. Ka tambayi shugaban sashen Turanci na makarantar, ka kuma karanta sanarwar hukumar jarrabawa ta lardin ta wannan shekara, domin ana ɗan sauya ƙa'idoji lokaci zuwa lokaci.

Mataki na 2: Gwajin farko da rarraba kurakurai

Ka ba ɗalibi cikakkiyar takarda ɗaya ta shekarun baya wadda bai taɓa gani ba, ya yi ta cikin minti 120 ba tare da ƙamus ba. Ka umarce shi ya ɗiga ɗan ɗigo kusa da duk tambayar da ya amsa da cinke. Wannan ɗigon yana da muhimmanci, domin amsar da aka dace da ita ba tare da sani ba kuskure ce da take jiran ranarta, kuma dole a yi mata irin binciken da ake yi wa wadda aka faɗi.

Bayan an duba, kada ka fara bayanin amsoshi nan take. Ka zauna da shi ku bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, kana tambayarsa dalilin da ya sa ya zaɓi abin da ya zaɓa. Kusan kowane kuskure zai faɗa cikin ɗayan dalilai huɗu: bai san kalmar ba, ya san kalmomin amma jimlar ta yi masa tsawo ya ɓace a cikinta, ya fahimci rubutun amma zaɓin yaudara ya ja shi, ko lokaci ne ya ƙure masa. Ɗalibai biyu na iya samun maki 95 dukkansu, amma ɗaya maganinsa kalmomi, ɗayan kuma agogo.

A littafin kurakurai kowane kuskure yana samun layi huɗu. Na farko jimlar da abin ya faru a cikinta, an kwafe ta da hannu. Na biyu amsar da ya bayar da wadda take daidai. Na uku dalilin, da kalmominsa shi kansa, kuma ka bar shi ya rubuta da Sinanci idan hakan ya fi masa sauƙi. Na huɗu ranar da zai sake gwada tambayar, bayan mako ɗaya. Kada ka amince da dalilin "rashin kula", domin shi ne mafakar kowane ɗalibi. Ka matsa masa har ya faɗi abin da bai kula da shi ba. Wasu ɗaliban sukan mayar da littafin abin ƙawa, da biro kala uku da rubutu kamar na ɗab'i, amma ba sa buɗe shi. Littafi mai datti da ake komawa duk Lahadi ya fi shi amfani.

Mataki na 3: Kalmomi

Idan gwajin farko ya nuna ɗalibi yana ƙasa da maki 90, kusan kullum kalmomi ne tushen matsalar, kuma babu dabarar amsa tambaya da za ta cece shi. Ka raba jerin zuwa kashi-kashi na kalmomi 30 zuwa 40 a rana, ya fara da soke waɗanda ya sani sarai, ya maimaita sauran washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako.

Ɗaliban Sin gwanaye ne wajen hadda, amma sukan haddace ma'ana ɗaya ga kowace kalma, jarrabawar kuwa tana son ma'ana ta biyu. Yaro ya san address a matsayin adireshi, sai ya gamu da ita tana nufin magance matsala. Ya san book littafi ne, sai a ce masa an kama ɗaki a otal da ita. Don haka duk kalmar da ta fito a takardun baya da ma'anar da bai zata ba, ta shiga littafi tare da jimlarta. Ka kuma koya masa ɗafe-ɗafen gaba da na baya na kalmomi, domin takardar tana kawo kalmomin da aka tsiro daga waɗanda ke cikin jerin ba tare da an fassara su ba.

Mataki na 4: Karatu

Kashi ɗaya cikin uku na makin yana nan, don haka nan ne ya kamata lokacin darasi ya fi tafiya. Rubutun farko yawanci sanarwa ce ko talla ko jadawalin ziyara, kuma ana amsa shi ta hanyar karanta tambaya a nemo wurin. Na biyu galibi labarin wani mutum ne. Na uku da na huɗu su ne masu nauyi, bayanin binciken kimiyya ko muhawara a kan wani al'amari na zamantakewa.

Ƙa'ida ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: kowace amsa sai ɗalibi ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da ta zama hujjarsa, ya rubuta lambar tambayar a gefe. Idan ya kasa nuna jimla, to daga kansa ya amsa. Bayan haka ku ɗauki zaɓuɓɓuka ukun da ba daidai ba ku faɗi laifin kowanne. Da sannu zai ga cewa masu tsara tambaya hanyoyinsu kaɗan ne. Wani zaɓin gaskiya ne amma ba shi aka tambaya ba, wani ya ɗauki kalmomin rubutun ya sauya wanda ya yi aikin, wani ya zuzuta abin da marubuci ya faɗa da sassauci, wani kuma ya ɗauki misali ɗaya ya mayar da shi jigon rubutun duka. Amsar gaskiya kuwa sau da yawa ba ta maimaita kalmomin rubutun, sake faɗa take da wasu.

Doguwar jimla tana bukatar darasi nata. A Sinanci duk bayanin da ke siffanta suna gabansa yake zuwa, a Turanci kuwa dogon bayani bayansa yake bi, kamar dai yadda muke yi a Hausa idan muka ce "mutumin da ya zo jiya". Saboda haka malami Bahaushe zai iya karanta jimlar ya ga babu wata wahala, alhali ɗalibinsa ya ɓace tun a tsakiya. Ka riƙa ciro jimla biyu ko uku mafi tsawo daga rubutu na uku da na huɗu kullum, ɗalibi ya nemo babban aikatau da mai aikata shi, ya kewaye duk ƙarin bayani da fensir, sannan ya faɗi ƙashin bayan jimlar cikin kalmomi kaɗan.

A sashen zaɓen jimloli biyar cikin bakwai, a fara karanta rubutun duka, sannan a duba jimlar da ke gaban kowane gurbi da wadda ke bayansa. Wakilan suna irin su they da this, da kalmomin haɗi irin su however, su ne ke nuna hanya. Haɗarin sashen shi ne kuskure ɗaya yakan haifi na biyu, domin jimlar da aka sa a gurbin da ba nata ba ta bar nata gurbin fanko. A fara da gurbin da aka tabbatar, a soke zaɓinsa, a bar mai wuya zuwa ƙarshe.

Mataki na 5: Cike gurbi iri biyu

Cike gurbi mai zaɓi yawanci gajeren labari ne, kuma duk zaɓuɓɓuka huɗun sukan dace ta fuskar nahawu, ma'anar labarin ce take raba gardama. Ɗalibi ya karanta har ƙarshe da sauri kafin ya cike ko ɗaya, domin amsar gurbi na uku tana iya kasancewa a sakin layi na ƙarshe. Idan ya gama, ya sake karantawa da amsoshinsa a ciki.

Cike gurbin nahawu shi ne wurin da maki ya fi saurin tashi, domin abubuwan da ake tambaya ƙididdigaggu ne. Wajen gurbi shida ko bakwai ana ba da kalma a ce a sauya mata siga: lokacin aikatau, tilo ko jam'i, mayar da sifa bayanau, ko mayar da aikatau suna. Sauran ba a ba da komai, kuma kalma ɗaya ake so, galibi a ko the, ko ƙaramar kalma irin su in da for, ko mahaɗi irin su which da and. Ka koya masa tambayar farko idan an ba shi aikatau: shin jimlar ta riga ta sami babban aikatau? Idan ta samu kuma babu mahaɗi, to sigar da ake so ita ce mai to a gaba, ko mai ing, ko mai ed. Sinanci ba ya sauya aikatau don lokaci, ba shi da a da the, kuma ba ya tilasta alamar jam'i, saboda haka waɗannan kurakurai za su yi ta dawowa ko a wurin ɗalibi mai ƙoƙari. Ka tattara gurabun shekaru biyar a takarda ɗaya bisa nau'i, ya gani da idonsa yadda abu ɗaya yake maimaituwa. Rubutun wannan sashe sau da yawa a kan al'adu da wuraren Sin yake, don haka abin da ake magana a kai ba baƙo ba ne a wurinsa.

Mataki na 6: Sauraro

Minti 15 zuwa 20 kullum sun fi awa biyu a ranar Asabar. Sashen farko gajerun hirarraki biyar ne, kuma a takardun shekarun baya sau ɗaya ake kunna kowace, sashe na biyu kuma hirarraki da jawabai biyar masu tsawo ana kunna su sau biyu. Kafin a fara, akan karanta umarni da misalin nan da kowane ɗalibin Sin ya haddace, na rigar da kuɗinta fam 9 da fensa 15. Ɗalibi ya yi amfani da wannan lokacin wajen karanta tambayoyin farko da zaɓuɓɓukansu.

Bayan kowane gwaji a sake kunna wurin da ya faɗi, ya rubuta abin da ya ji kalma bayan kalma, sannan ya kwatanta da rubutaccen. A nan zai gano cewa kalmomin duk ya san su a takarda, haɗewarsu a baki ce ta ɓatar da shi. Daga nan ya bi mai magana da murya, jimla bayan jimla. Ka ja hankalinsa ga tambayoyin lokaci da farashi, inda lambar da aka ambata da farko ba safai take zama amsa ba, da kuma abin da ke biyo bayan but.

Ka riƙa kunna sautin ta lasifika a cikin aji, domin a ɗakunan jarrabawa da yawa haka ake yi, kuma wanda ya saba da abin kunne yakan rikice. Idan babu sautin ainihi, ka karanta rubutaccen da kanka ko da wani abokin aiki, amma kada kunnen ɗalibi ya saba da muryarka kaɗai.

Mataki na 7: Wasiƙar Li Hua

Kusan kowace shekara ana cewa ɗalibi ya ɗauka shi ne Li Hua, wani ɗalibi na ƙage, ya rubuta wa abokinsa baƙo ko malaminsa. A 2023 takardar ƙasa ta sabon tsari ta nemi ya rubuta wa malami baƙo a kan tsarin haɗa ɗalibai biyu-biyu don koyon magana, ya faɗi matsalar ya ba da shawara. A 2024 an ce ya ba abokinsa ɗan Ingila labarin darasin zane da ajinsu ya yi a wurin shaƙatawa. Ana jera abubuwa biyu ko uku da dole su fito, kuma barin ɗaya yana saukar da rubutun daga matakin maki na sama komai kyan Turancinsa.

Tsarin sakin layi uku ya isa: dalilin rubutu, abubuwan da aka nema, da rufewa cikin ladabi. Ɗalibai sukan zo da haddatattun jimloli masu nauyi su cusa su ko ba su dace ba, har wasiƙar aboki ta koma kamar jawabin taro. Ka bar musu jimlolin buɗewa da rufewa kaɗan na kowane nau'i, gayyata, neman afuwa, shawara, neman aiki da sanarwa, amma tsakiyar ta zama tasu. Wajen gyara ka farauci kurakuran da ke tasowa daga Sinanci: haɗa although da but a jimla ɗaya, haɗa because da so, jera cikakkun jimloli da waƙafi kawai, da musanya he da she, domin a bakin Basine furucinsu ɗaya ne.

Rubutun hannu ma aiki ne. Salon da ake kira na Hengshui, wanda ya samo suna daga wata sakandare a lardin Hebei, haruffa ne zagayayyu, daidaitattu, ba a sarƙe da juna ba. Ba dole ɗalibi ya kwaikwaye shi tsaf ba, amma mai ba da maki yana duba takardu masu ɗimbin yawa a fuskar kwamfuta, kuma minti goma na gyaran hannu kullum ba asara ba ne. Duk abin da ya fita daga akwatin amsa ba a ganinsa.

Mataki na 8: Ƙarasa labari

Wannan sashe, da ake kira du hou xu xie, ya fara ne a Zhejiang a 2016 kafin ya bazu, kuma shi ne tambaya mafi yawan maki a takardar. Ana ba da labari mai kalmomi kusan 350 da aka yanke a tsakiya, da jimlar farko ta kowanne daga sakin layi biyu da ɗalibi zai rubuta. Ana auna dacewar abin da ya rubuta da labarin da kuma jimlolin biyu, da wadatar abin da ya faru, da ingancin harshe, da yadda jimloli suka riƙe juna.

Ka hana shi taɓa takardar amsa sai ya yi minti biyar yana tsari. Ya rubuta sunayen mutanen labarin, da matsalar da ba a warware ba, da duk wani abu da marubuci ya ambata kamar a wuce, domin irin waɗannan ne ake sa ran su dawo. Sannan ya duba jimlolin biyu tare: ƙarshen sakin layi na farko dole ya kai ƙofar jimlar da ta buɗe na biyu.

Takardar 2024 misali ce mai kyau ta koyarwa. Mai ba da labari ya sauka a Viyana a makare, yana sauri ya kama bas ɗin ƙarshe zuwa Prag, wani direban tasi mai suna Gunter ya kai shi tasha da ƙyar, sai ya tarar ba shi da tsabar kuɗi, na'urar cire kuɗi kuma ba ta aiki. Sakin layi na farko ya buɗe da komawarsa wurin direban da mummunan labari, na biyu kuma da cewa bayan kwana huɗu ya dawo Viyana ya kira shi kamar yadda ya yi alkawari. Ka tambayi ajin: me dole ya faru a sakin layi na farko? Dole a yi alkawari, dole a karɓi lambar waya, dole direban ya yarda, dole a kama bas. Ɗalibin da ya sa wani fasinja ya biya kuɗin nan take ya karya labarin, domin babu sauran dalilin kiran. Ka sa su yi irin wannan tsari a kan labarai da yawa ba tare da rubuta komai ba, sannan su rubuta cikakke sau ɗaya a mako.

A wajen harshe, labaran galibi a shuɗaɗɗen lokaci suke, kuma zamewa zuwa lokacin yanzu a tsakiya shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ka tara musu aikatau na motsi da na magana da na yanayin zuciya daga labaran cike gurbi da suka riga suka yi, domin matakin harshen ɗaya ne. Ɗalibai suna son jimlolin hawaye na gangarowa a kumatu da rana tana leƙowa ta taga, kuma ba laifi ba ne a yi ɗaya, amma na sha ganin sakin layi da hawaye suka cika shi babu abin da ya faru a ciki. A kowane sakin layi a sami aiki, da martanin wani, da gajeriyar magana ɗaya ko biyu. Kada a ƙirƙiro sabon mutum a ƙarshe, kada a kashe kowa, kada kuma a ce ashe mafarki ne.

Idan aji ya yi yawa ba za ka iya gyara na kowa ba, ka zaɓi rubutu uku, mai ƙarfi da matsakaici da mai rauni, ka ɓoye sunayen, ajin ya ba su maki bisa matakan hukuma biyar, daga 1 zuwa 5 har 21 zuwa 25. Kowa kuma ya sake rubuta nasa bayan gyara.

Mataki na 9: Cikakken gwaji da makonnin ƙarshe

Makarantu suna raba shekarar ƙarshe zuwa zagaye uku na bita, na farko mai tsawo a kan tushe, na biyu a kan sassan takarda, na uku a kan cikakkun gwaje-gwaje, kuma birane sukan shirya manyan gwaje-gwajen kwaikwayo da ake kira yimo da ermo a watannin bazara. Ka daidaita aikinka da wannan tsari. A zangon farko cikakken gwaji ɗaya a wata ya isa, daga Maris a koma mako-mako, kuma a yi shi da ƙarfe 3 na yamma domin jiki ya saba da aiki a lokacin da barcin rana yake kama mutum.

Rabon lokacin da nake bayarwa shi ne minti 20 na sauraro, 28 na rubuce-rubuce huɗu, 7 na zaɓen jimloli, 12 na cike gurbi mai zaɓi, 8 na nahawu, 15 na wasiƙa, 25 na ƙarasa labari, da 5 na dubawa. Ɗalibi na iya matsar da minti biyu ko uku nan da can, amma idan agogo ya nuna 4:15 bai fara rubutu ba, ya bar abin da yake yi ya fara. Wanda yake yawan makalewa a rubutu na huɗu ya tsallake shi, ya dawo bayan ya gama rubutu. Ya riƙa cike akwatunan amsa a ƙarshen kowane sashe, domin mai tara su zuwa minti na ƙarshe shi ne yake zame layi ɗaya ya lalata amsa goma.

Idan ɗalibinka na ƙaramar sakandare ne mai shirin zhongkao, wato jarrabawar shiga babbar sakandare, matakan ba su sauya ba, sai dai kalmomin kusan 1600 ne, babu tsari ɗaya na ƙasa, don haka takardun birninsa ko lardinsa za ka nema.

A makonni biyu na ƙarshe a daina sababbin takardun kwaikwayo. A koma littafin kurakurai, a sake yin takardun ainihi na shekaru biyu ko uku da suka wuce, a ci gaba da sauraro kullum har ranar 7 ga Yuni. Ka tunatar da shi katin shaida da katin shiga jarrabawa, da fensir biyu da biro biyu, da kuma cewa a ranar Turanci ana rufe ƙofa minti 15 kafin a fara, wato ƙarfe 2:45, saboda gwajin na'urar sauraro, kuma wanda ya iso bayan haka ba a barinsa ya shiga.